Ɗalibinmu Yana Fagen Daga: Shin Haƙƙinsa Ya Sauka Daga Wuyanmu?



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wayarmu ta yi ƙara. Wani yaro ne da ya sauke Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu, yanzu soja ne a jihar Borno. Tambayarsa gajera ce: idan suna daji babu ruwa, yaya zai yi da sallah? Muka tuna masa taimama da ƙasaru. Zai kashe waya sai ya ce, "Malam, shekara uku ke nan, ban da mahaifiyata babu wanda ya kira ni daga gida." Wallahi daren nan barci bai zo da wuri ba.

Washegari muka tambayi 'yan uwanmu malamai: cikin yaran da suka yi karatu a nan, nawa ne ke aikin soja? Babu wanda ya sani, har da mu masu tambayar. Alhali a kasuwa, wanda ya ci mana bashin naira dubu biyar sunansa na cikin littafi, da lambar wayarsa. To, tambayar ita ce: haƙƙin ɗalibi a kan makarantarsa yana ƙarewa ne ranar walima?

Kowa ya san Kwalejin Barewa ta Zariya da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, shugaban ƙasa Yakubu Gowon tsohon ɗalibinta ne, haka ma Murtala Muhammad da Muhammad Shuwa da suka jagoranci runduna, da Hassan Usman Katsina. Irin waɗannan sunaye ba sa ɓacewa, kowace makaranta za ta so a ce nata ne. Amma kurtun da ba shi da igiya ko ɗaya fa? Shi ne ya fi buƙatar a tuna da shi, kuma shi ne aka fi mantawa. Makarantar da ba ta neman ɗalibinta sai ya zama janar, ai suna take nema, ba zumunci ba.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne da iyaye. Gaskiya ne albashi da magani na gwamnati ne, addu'ar uwa kuma babu kamarta. Amma akwai tambayoyin da yaro ba zai yi wa kwamandansa ba, ba kuma zai tayar da hankalin mahaifiyarsa da su ba. Wanda ya ga an kashe abokinsa a gabansa, ko yake kwana da tunanin wanda harsashinsa ya samu, malaminsa yake nema.

Wani kuma zai ce, kuma mun ji an faɗa a majalisa, cewa ana zargin sojoji da cin zalin talakawa, don haka kiransu tamkar goyon baya ne. Ba mu raina wannan magana ba, domin cikinmu akwai waɗanda rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro daga Borno da Yobe, kuma sun ga abin da suka gani. Amma mu duba da kyau. Idan muna tsoron mai riƙe da bindiga ya yi zalunci, yanke shi ne maganin? Sayyidina Abubakar, da zai tura runduna Sham, ya raka ta da ƙafa, ya yi wasiyya kada a kashe mata da yara da tsofaffi, kada a sare itatuwa masu 'ya'ya. Bai bar su da makami kawai ba, ya haɗa su da tunatarwa. Yaron da ya san malaminsa zai kira shi ranar Juma'a, zai ji kunyar abin da wanda aka manta da shi ba zai ji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ko ya girma yana buƙatar ruwa.

Mu mazauna Abuja ba mu da uzurin cewa ba mu gani ba. Maƙabartar sojoji ta ƙasa tana kan hanyar filin jirgi, muna wuce ta kullum. A nan aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a watan Nuwamba na 2016. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Mu dai a ganinmu, sallamar da mutum zai amsa ta fi wadda za a yi wa kabarinsa.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Kowace makaranta a unguwar nan ta buɗe littafi ta rubuta tsofaffin ɗalibanta da ke bakin daga. A raba sunayen ga malamai, a kira ko sau ɗaya a wata, ba tare da tambayar inda suke ko ina za su ba, don wannan sirrin aikinsu ne. A leƙa matansu da iyayensu, musamman da azumi da sallah. Mu mun riga mun sayi littafin, yana masallaci. Duk mai ɗa ko ƙane a can, ya same mu bayan sallar la'asar.

Allah Ya dawo mana da su lafiya, da hannu mai tsabta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.