Gawa Muke Adanawa Ko Iri?

Mutumin Tasawa ko na Mayahi da ya shiga Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, zai ga abubuwan al'ajabi. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka tono a Gadufawa, waɗanda suka haura shekara miliyan 100. Akwai kuma busasshen itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. Gani ya kori ji. Amma wannan itace yana ɗauke da tambaya: in an raba abu da rayuwarsa aka killace shi, me aka ceto?

Manomi ya san bambancin tsaba da iri. Rumbu ɗaya ke ɗauke da su, amma ana cin tsaba ta ƙare, iri kuwa ana ajiye shi ne don a mayar da shi ƙasa. Hauyar da aka rataye don kallo, in babu mai sanin ranar da ake shiga noman farko da ita, ƙarfe ne da ƙota kawai.

Ƙasar Maraɗi ta nuna wata hanyar adanawa. Bayan farin 1984, manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon su sare kututtura, sai su bar tohonsu ya girma, su riƙa gyara shi. Gawo ya dawo gonaki, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar gero ya sha rana. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Mayahi da Tasawa, sunansa kansa shaida ne na goriba da kabar da ake saƙa tabarmi da igiya. In goriba ta ƙare, sai suna ya zama kushewa.

Wannan ba raina gidan tarihi ba ne. Al'ummar da ba ta ajiye shaida, wasu ne za su ba ta labarinta yadda suka ga dama. Sai dai haƙƙin magabata bai tsaya ga kallo ba. Yaron da aka kai ziyara, ya kamata ya koma gida ya tambayi kakarsa yadda ake zaɓen zangarniyar iri, tun tana da rai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.