Sabuwar Kuba a Jikin Tsohuwar Mota

Kubar ƙofar but tana cikin abubuwan da ke saurin gajiya a tsohuwar mota. Ruwan sama kan gangaro ta gilashi ya shige ramin makulli, ƙura ta bi shi, tsatsa ta kama, har wata rana makulli ya juya amma ƙofa ta ƙi buɗuwa. A motocin zamanin Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, sauya kubar ba aiki ne mai wuya ba. Bakanike zai ɓalle murfin cikin ƙofar, ya zare siririn ƙarfen da ya haɗa kuba da maƙali, ya kwance noti, ya fitar da tsohuwa ya dasa sabuwa, sannan ya daidaita maƙalin har ƙofa ta riƙa rufuwa ba sai an buga ba. Da ya gama, tambayar da masana falsafa suka daɗe suna kai kawo a kanta sai ta taso: motar da aka sake wa wani sashe, ita ce dai ta jiya?

Kuba guda ba ta isa ta sa kowa shakka ba. Amma motar da ta shekara hamsin an riga an sake mata tayoyi da fenti da kujeru, wataƙila har da inji. Plutarch, marubucin Girka, ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu a kan ko jirgin nan ne ko wani. Bahaushe ma ya san matsalar a fartanyar gado, wadda aka sake wa ƙota sau uku, maƙeri ya sake mata ruwa, amma ana kiran ta fartanyar kaka. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara wa zancen ƙulli: idan wani ya tara tsofaffin katakan jirgin ya harhaɗa su, jirage sun zama biyu, kowanne da hujjarsa.

Kubar mota tana haska wannan fiye da katakon jirgi, saboda yadda aka ƙera ta. A cikinta akwai 'yan siraran faranti, kowanne da tsayin yankansa, jere daidai da haƙoran makulli. Mai gyaran makullai yana iya jera farantan sabuwar kuba bisa tsarin tsohuwar, ta yadda makullin da aka sayo motar da shi zai buɗe ta. Ƙarfe sabo ne, tsari kuwa na dā. Wannan shi ne bambancin da Aristotle ya yi tsakanin abin da aka yi abu da shi da kuma siffar da ta mai da shi abin da yake, wanda masana Musulmi irin su Ibn Sina suka kira madda da sura. Wanda ya ɗauki sura a matsayin asali zai ce ba a rasa komai ba. Sai dai sura kaɗai ba ta warware zance, domin masana'anta ta buga dubban motoci masu sura ɗaya, kuma babu mai cewa duk mota guda ce.

Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo irin wannan a Tahafutul Falasifa wajen bayanin tashin jikkuna. Ya nuna cewa jikin mutum yana ta sauyawa daga yarinta zuwa tsufa, amma mutumin shi ne shi, saboda ransa. Mota ba ta da rai, don haka dole a nemi abin da zai tsaya mata a wannan gurbi.

Hukumomi sun nema ta hanyar lissafi. Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, a dā ta daɗe tana amfani da tsarin maki ga motar da aka yi wa gagarumin sauyi: shasi na da maki 5, giya 2, sitiyari 2, inji 1 kacal, kuma sai an haɗa 8, ciki har da na shasi, kafin mota ta riƙe lambarta. Kuba ba ta da ko maki ɗaya. Tsarin ya biya buƙatar ofis, amma yarjejeniya ce kawai, don babu wani dalili na hankali da ya sa 8 ta zama iyaka maimakon 7.

Amsar da ta fi nauyi daga kotu ta fito. A 1990 an yi shari'a a Landan kan motar tsere ta Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta lashe gasar Le Mans a 1929 da 1930. An ƙulla cinikinta a kan fam miliyan 10, sai mai saye ya janye, yana cewa an sake ƙera ta, ta kuma yi mummunan hatsari a filin tseren Brooklands a 1932, har abin da ya rage na asali kaɗan ne. Alƙali Otton ya yarda cewa ba za a ce sassanta na farko ne ba, amma ya yanke cewa ita ce motar, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata da ke iya ƙwace mata sunan. Da wannan ma'auni jirgin Hobbes na biyu ya faɗi, tunda tsofaffin katakan sun fita daga rayuwar jirgin tun ranar da aka cire su. Haka ma tsohuwar kubar da ke cikin akwatin bakanike: ta taɓa zama sashen motar, yanzu ƙarfe ne mai tarihi.

Idan ɗorewar tarihi ce ke riƙe da asali, to tarihin sai an faɗe shi yadda yake, kuma a nan falsafa ta haɗu da amana. Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fara aiki da ita a 2013, ta nemi a rubuta duk sauyin da aka yi, a kuma sa wa sabon sashe alamar da za a gane shi. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibin da ke rage daraja a al'ada, ko ya sharɗanta wata siffa bai same ta ba. Ga direban da ke neman motar ɗaukar kaya, sabuwar kuba gyara ce, ba ta rage komai ba. Ga mai tara tsofaffin motoci, wanda ya biya kuɗi bisa sharaɗin cewa komai na masana'anta ne, ɓoye ta algus ne, ko da makullin asali yana buɗe ta.