Abin da Aka Tono a Ƙasa, Na Wane Ne?

Idan manomi yana huɗa a gonarsa ta gado, garmarsa ta tono wani abu da mutanen dā suka bari, na wane ne abin nan? Na manomin ne, ko na Sarkin garin, ko kuwa na Gwamnati? Tambayar kamar mai sauƙi, amma rashin amsa ta da kyau ya jawo wa ƙasar nan hasara wadda ba ta da mayarwa. Labarin Nok ya isa misali.

Nok wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna. Cikin shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a kusa da shi. Wajen 1943 aka sami wani kuma kusa da Jema'a, wani akawun ma'aikatar kuza ya tafi da shi, ya kafa a gonar doyarsa don ya tsorata masu ɓarna. Daga nan ya kai hannun Bernard Fagg, wani Baturen mulki mai ilmin kayan dā, ya lura kawunan nan aikin al'umma ɗaya ne. Sai ya roƙi ma'aikatan kuza su riƙa kai masa duk abin da suka tono. Aka yi ta tarawa, har aka buɗe gidan tarihi na Jos cikin 1952. Daga baya aka tono matoyar tama a Taruga, wadda ta wuce shekara 2,000, aka tabbata mutanen nan sun san narkar da ƙarfe tun wancan zamani.

Doka ba ta yi barci ba. An kafa dokar tsare kayan tarihi cikin 1953, an kuma kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa cikin 1979. Duk da haka, cikin shekarun 1990 dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu, mutane suka ɗauki diga da shebur, aka yi ta haƙa, ana fita da kayan zuwa Turai da Amurka. Da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara bincike cikin 2005, sai suka tarar an riga an farke mafi yawan wuraren.

To, a nan ne maganar take. Mai haƙa yana da hujja, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce gonar tasa ce, iyalinsa na jin yunwa, abin nan kuwa ba ya ci ba ya sha, yana kwance cikin ƙasa ba ya amfanin kowa. Zai ƙara da cewa bai san waɗanda suka gina shi ba, balle ya ce kakanninsa ne.

Malaman fiƙihu sun yi bayanin rikazi, wato dukiyar da mutanen dā suka binne, suka ce wanda ya same ta sai ya fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Ashe tun can ba a bar wa matsinci duka ba, an san jama'a na da hakki a ciki. Ga kuma wani bambanci. Zinariya darajarta a jikinta take, ko ina aka kai ta zinariya ce. Kayan tarihi kuwa, rabin darajarsu a makwancinsu take. Gawayin da ke gefen kan yumɓu, da shi masana ke auna shekarunsa. Ƙwayar geron da ta ƙone ita ke nuna abincin mutanen, katangar tukunya kuma ita ke nuna zamaninsu. Ta irin wannan awo aka gane al'ummar Nok ta faro tun wajen shekara 3,500 da suka wuce. Wanda ya cire kan ya watsar da sauran, kamar wanda ya yage warƙa ɗaya daga littafi ne ya jefa ragowar cikin wuta. Kuɗin da dillali ya ba shi kan ƙare kafin kaka ta zagayo, abin da ya ɓata kuwa ya ɓatu har abada.

Batun cewa ba kakanninsa ba ne, ai mutum yakan sha ruwan rijiyar da bai san mahaƙinta ba, kuma ba ya cike ta don bai san shi ba. Wanda ya gaji ƙasa ya gaji amanar abin da ke cikinta, sai ya miƙa ta ga na baya yadda ya same ta.

Amma fa laifin bai tsaya kan talaka kaɗai ba. Hukuma ba ta da dogarin da za ta tsayar a kan kowane tudu da kowane kwari. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan tsare shi. Dagaci da mai unguwa da mafarauci su ne suka san baƙon da ya kwana a gari, da ramin da aka haƙa da dare. Idan an kwashe kaya an kai birni, ba a dawo an gaya wa mutanen wurin abin da aka gano ba, ba a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da haƙa da jagora ba, ba a koya wa yaransu labarin a makaranta ba, to, da wane baki za a ce su ƙi kuɗin dillali? Mutum ba ya tsaron abin da aka nuna masa ba shi da rabo a ciki.

Saboda haka abin da aka tono na jama'a ne duka, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, mutanen wurin kuwa su ne masu riƙon amanarsa. Wanda garmarsa ta ci karo da irin wannan abu, ya bar shi inda yake, ya rufe shi da ƙasa, ya sanar da dagaci, dagaci ya kai maganar gaba. Hukuma kuma ta zo da wuri, ta yi masa godiya a gaban jama'a, ta saka masa da abin da zai sa maƙwabcinsa ya yi koyi da shi.