KUTUTTUREN NAN BAI MUTU BA



Bari in yi maka tambaya. Dami nawa mahaifinka yakan ɗauko daga gonar da kake nomawa yau? Kai fa, nawa ka ɗauko bara? Gonar ita ce dai, iyakarta ba ta matsa ba, ƙarfinka kuma bai gaza na mahaifinka ba. Amma rumbun da dā yakan kai ku har sabon hatsi, yanzu tun kafin bazara ana share ƙasansa. Samari sun tafi ci-rani. Uwargida tana yin tafiya mai nisa neman iccen girki, ran da ba ta samu ba sai ta ƙona kara da kashin shanu. Kowa ka tambaya sai ya ce maka, ƙasa ta gaji.

Gaskiya ne, ta gaji. Amma me ya gajiyar da ita? Akwai magani kuwa? Ka tara iyalinka ku karanta wannan tare, gama maganar ta shafi tuwon 'ya'yanku.

GONAR WA CE?

Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana Allah ya sa Adamu cikin gonar Aidan, ya kuwa ba shi aiki iri biyu: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mu mun riƙe na fari da kyau. Na biyun ne muka saki.

Kana cewa, gonata ce, na gāda wurin ubana. To, a gaban mutane haka ne. Amma cikin Littafin Firistoci 25:23 Ubangiji ya faɗa wa Isra'ilawa ƙasar tasa ce, su baƙi ne a kanta. Ashe gonarka amana ce. Da maƙwabcinka zai yi tafiya ya bar maka saniyarsa, ka riƙa tatsarta safe da yamma, ba ka ba ta ciyawa ba, ba ka kai ta rijiya ba, me za ka ce masa ran da ya komo? Haka muka yi da ƙasar Allah. Muna tatsa kowace shekara, ba ma ciyar da ita.

A cikin wannan sura ta 25 Allah ya umarta a bar ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. Kakanninmu ma sun san wannan, sukan bar gona saura har ta yi daji, sa'an nan su komo mata. Yau mutane sun yi yawa, an raba gonar uba ɗaya ga 'ya'ya biyar, babu wurin barin saura. Tun da ba mu iya ba ta hutu, tilas mu ciyar da ita muna cikin nomanta.

YADDA MUKA TUƁE ƘASA

Ka tuna da sassaben da muka saba. Kafin ruwa ya sauka mukan sare kowane toho, mu tara, mu sa wuta. Bayan kaka mukan kwashe kara ƙaf mu kai gida. An ma koya mana cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ba icce ko ɗaya. A dā kuma doka ta mai da itatuwa na gwamnati, mutum yana tsoron tara ko a kan iccen da ke tsakiyar gonarsa, don haka ba wanda ya damu da renonsa.

To, me ya biyo baya? Ƙasa ta zama tsirara. Iskar hunturu ta kwashe lallausar ƙasar sama, wadda ita ce mai ƙarfin. Da shuka ta tsiro, iskar farkon damina ta koro rairayi ya yanke ta ko ya binne ta, har mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku, irinsa ya ƙare. Inda ƙasa ta zama fako, ruwa yakan bi ta kai ya wuce, ba ya shiga. Dattawa ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, ko ta 1984. Ba mu ne muke riƙe da ruwan sama ba, wannan na Allah ne. Amma ruwan da ya ba mu, mu ne muka bar shi ya gudu.

LABARIN WANI KUTUTTURE

A shekarar 1981 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, ya zo ƙasar Maraɗi. Aikinsa dasa itatuwa ne. Ya yi ta reno, ya yi ta dasawa, amma yawancinsu suka mutu. Zafi ya kashe waɗansu, awaki da gara suka cinye waɗansu. Har ya kusa fid da zuciya.

Wata rana a 1983 yana cikin tafiya ƙauye da 'yan itatuwan dashe, sai ya tsaya ya rage iskar tayar motarsa don ya iya ratsa rairayi. Ya duba gabas da yamma, ba icce. Ya roƙi Allah gafara saboda ɓarnar da mutane suka yi wa halittarsa, ya kuma roƙa a buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan toho a bakin hanya, irin wanda ya wuce sau da yawa bai kula ba. Da ya dubi ganyen da kyau, ashe icce ne da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara tana tohowa, kowace shekara ana sare ta. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa cikin gonaki.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ayuba ya riga ya faɗe shi tun zamanin dā. Ka buɗe Ayuba 14:7-9 ka gani. Ya ce icce yana da bege ko an sare shi, gama ko saiwarsa ta tsufa cikin ƙasa, da ya ji alamar ruwa zai sāke yin rassa. Dajin da muke kukan ya ƙare yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu, yana jira mu janye gatari.

Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada da fari, aka kuwa yi musu dariya. Lokacin yunwar 1984 mutane da yawa suka bar itatuwa cikin gonakinsu domin ana ba da abinci a bakin aikin. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga hatsinsu bai ragu ba, ga kuma iccen girki a kusa. Gani ya kori ji. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci abin ya bazu, aka sa masa suna sassabin zamani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta gonakin da suka sāke yin itatuwa a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Talakawa ne suka yi wannan, da gatari da wuƙa. A shekarar 2020 kuma gwamnati ta fid da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan iccen da ya rena cikin gonarsa.

YADDA ZA KA YI

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Ga shi:

1. Kafin sassabe, ka zaga gonarka a hankali, ka ga kututturan da suke tohowa: kalgo, sabara, gawo, magarya, aduwa, taramniya da sauransu. Ka zaɓi waɗanda za ka bari. Kana iya farawa da kamar 40 a hekta ɗaya.

2. A kan kowane kututture ka zaɓi rassa masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga ɗaya zuwa biyar. Ka sare sauran, domin ƙarfin saiwar duka ya shiga cikin waɗanda ka bari.

3. Ka sassaƙe ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon reshen. Kada ka wuce rabi, don kada ya karye da iska.

4. Wuƙarka ko gatarinka ya zama mai kaifi. Ka sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage.

5. Ka ɗaura ƙyalle a jikinsa, mai wucewa ya sani wannan icce yana da mai shi.

6. Bayan 'yan watanni ka komo ka sāke gyara. In sun yi kauri, kana iya saran reshe ɗaya kowace shekara, ka bar sabon toho ya maye gurbinsa.

Abin da ka sassaƙe, kada ka ƙona. Ganyen ka bar wa ƙasa, rassan ka kai wa uwargida.

ABIN DA ICCE YAKE YI WA GONA

Icce yana karya ƙarfin iska, shukarka ta tsira. Ƙurar da iska ta ɗauko takan zube a gindinsa. Saiwarsa tana jawo abinci daga can zurfi inda saiwar hatsi ba ta kai, ganyensa kuma ya zube ya ruɓe ya zama taki. Dabbobi sukan kwanta a inuwarsa da rani, su bar maka kashinsu.

Dubi gawo, ka ga hikimar Mahalicci. Sauran itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa da damina yake zubar da nasa, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani, sa'ad da babu ɗanyen abu, ya yi ganye da 'ya'ya domin bisashe. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Ana ba da labari sarakunan Damagaram na dā sun hana saran gawo da horo mai tsanani. Wanda ya bi ta ƙasar Magarya da Matamai zai ga amfanin gawo da idonsa.

Ban da icce, ka ciyar da ƙasa da abin da ke hannunka. Ka bar wani kashi na kara a kwance cikin gona. Gara za ta ci, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Ke uwargida, tokar murhu da sharar gida da kashin awaki dukiya ce, a tara su rami ɗaya su ruɓe, a kai gona. Ku haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, gama suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. In kuwa kana da fako, ka yi tassa, yadda manoman Illela na jihar Tawa suka gano a ƙasar Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Da rani ka haƙa ƙananan ramuka, tsakaninsu kamar taki ɗaya, ka tara ƙasar ta wajen gangare, ka zuba tafi ɗaya ko biyu na taki. Ruwa ya zo ya taru ciki, ka yi shuka a nan. Mai lambun da Yesu ya ba da misalinsa cikin Luka 13:6-9 ma abin da ya roƙa ke nan: a ba shi shekara guda ya tone gindin ɓauren, ya zuba taki, kafin a ce a sare.

ZA A GWADA HAƘURINKA

Ba zan ɓoye maka ba. Waɗansu za su ce kai rago ne, gonarka ta yi datti. Wata safiya za ka iske wani ya sare reshen da ka yi shekara biyu kana reno. Zuciyarka za ta ce, gara in sare sauran da kaina. Kada ka yi. Kada kuma ka rama. Ka je wurin maigari da maƙwabtanka, Kirista da Musulmi, ku yi shawara ku sa doka ɗaya a kan itatuwan gari. Ku kira makiyaya su ma a yi da su, gama garkensu yana kawo taki, itatuwanku kuma suna ba garken abinci. Iska ba ta san iyakar gona ba, aikin mutum ɗaya ba ya tare ta.

Wataƙila ka ce, na tsufa, ba zan ci amfanin gawon nan ba. Kukar da kake shan miyarta fa, kai ka rene ta? Wani ne ya bar maka. Kai me za ka bar wa jikokinka?

WANI KUTUTTURE KUMA

Ya mai karatu, akwai sauran magana ɗaya, ita ce babba. Gidan sarki Dawuda ya zama kamar iccen da aka sare, mutane suna gani ya ƙare. Amma annabi Ishaya, cikin sura 11, ya yi albishir cewa toho zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda. Wannan toho shi ne Yesu Almasihu. Shi ma an sare shi a kan gicciye saboda zunubanmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi da rai.

Yaya zuciyarka take yau? Ko ta zama fako, Maganar Allah tana sauka tana wucewa? Ko zunubi ya sare ka, har kana gani ba sauran bege? Allah bai fid da zuciya a kanka ba. Ka tuba, ka ba da gaskiya ga Yesu, zai ba ka sabon rai. In kuwa kai mai bi ne, ka karanta Yahaya 15. Uban yakan sassaƙe reshe mai 'ya'ya don ya ƙara haihuwa. Kai da kake riƙe wuƙa kana gyaran kalgo, ka san sassaƙa ba ƙiyayya ba ce. Ka bar shi ya datse ƙyashi da ƙarya da riƙon zuciya daga gare ka.

Gobe da sassafe ka ɗauki 'ya'yanka ku tafi gona. Ku ƙidaya kututturan da suke da rai. Kafin ku fara aiki, ku durƙusa ku yi addu'a kamar haka:

Ya Ubanmu na Sama, ƙasa taka ce, mu masu riƙon amana ne. Ka gafarta mana, gama mun ci daga gare ta ba mu kiyaye ta ba. Ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka ajiye mana cikin gonakinmu. Ka ba mu haƙuri da zaman lafiya da maƙwabtanmu. Ka aiko da ruwa a kan kari, ka cika rumbunanmu, mu ci, mu kuma ba mabukata. Ka sabunta zukatanmu kamar yadda kake sabunta ƙasa. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.