Da Wane Mudu Za Mu Auna Wanda Ya Yi Nasara?



Wata Lahadi bayan an tashi daga Mas, wani saurayi daga cikin matasan ikilisiyarmu ya biyo ni har ƙofar gida. Shekara bakwai ya yi yana tsaron shagon maigidansa, aka sallame shi ya buɗe nasa. Ya ce, "Fada, ina da tambaya, amma kada ka yi fushi. Yawancin waɗanda suka yi arziki a kasuwarmu na san yadda suka yi shi. Wani da algus, wani da tauye mudu, wani da danne haƙƙin yaransa. Ranar bikin godiyar girbi kuma su ne a kujerun gaba, su ake tafa wa. To, ni wa zan bi?" Na ba shi amsa a tsaye, ya yi godiya ya tafi, amma amsar ba ta gamsar da ni ba. Tambayarsa ta shafi kowane ɗan kasuwa da ma'aikaci da shugaba a cikinmu, ta shafe mu firistoci ma. Shi ya sa na kawo ta nan domin mu duba ta tare.

Mudu biyu ne mutane suka fi ɗauka idan za su auna wanda ya yi suna. Na farko yana cewa yawan dukiya shaidar albarkar Allah ce, wanda ya samu Allah ya yarda da shi, wanda ya rasa kuwa akwai abin da ya yi. Wannan shi ne mudun abokan Ayuba, kuma a ƙarshen littafin Allah da kansa ya tsawata musu. Ubangijinmu ya ba da misalin mai gonar da ta yi albarka har ya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan aka karɓi ransa, a Luka sura 12. Mudu na biyu yana cewa duk mai arziki ɓarawo ne, talauci shi ne tsarki. Shi ma ba daidai ba ne. A Matiyu sura 25 bawan da ya juya talantinsa ya sami riba shi aka yaba, wanda ya binne nasa aka hukunta. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ita ta buɗe wa Manzo Bulus gidanta a Filibi. A wasiƙarsa ta 1991 mai suna Centesimus Annus, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa riba halal ce, alama ce cewa ana tafiyar da sana'a yadda ya kamata, sai dai ba ita kaɗai ake dubawa ba, domin kamfani taron mutane ne, kuma lissafi yana iya fita daidai alhali ana wulakanta mutanen da ke aikin.

Tun da mudun biyu duk sun gaza, bari mu dubi rayuwar mutum biyu, ɗaya ɗan kasuwa ɗaya shugaban ƙasa, dukansu 'yan Katolika, mu ga abin da za su koya mana.

Na farko shi ne Enrique Shaw, mutumin ƙasar Ajantina, wanda aka haifa a 1921 a gidan masu hali. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Ya shiga sojan ruwa tun yana yaro, ya zama hafsa, ya yi aure a 1943, Allah ya ba su 'ya'ya tara. A 1945 aka tura shi karatu Amurka. A can zuciyarsa ta karkata ga barin kome ya zama lebura a masana'anta, don yana ganin a cikin leburori ne zai bauta wa Allah. Wani firist a birnin Shikago ya ba shi shawara dabam: ya koma cikin masu kamfanoni, gama su ma suna bukatar Bishara, kuma shi ya san harshensu. Ya ji shawarar. Ya ajiye kakin soja ya kama aiki a Rigolleau, babbar masana'antar kwalabe da kayan gilashi kusa da Buenos Aires, har ya zama babban manajanta, da ma'aikata sama da 3,000 a ƙarƙashinsa. A 1952 ya kafa ƙungiyar shugabannin kamfanoni Kirista ta ƙasarsa, kuma yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har aka kafa dokar ƙara wa ma'aikaci kuɗi gwargwadon iyalinsa.

Gwajinsa ya zo a 1961. Kasuwa ta ja baya, masu hannun jari daga Amurka suka yanke shawarar sallamar ma'aikata kimanin 1,200. A lokacin ciwon daji ya riga ya kama shi. Abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya sa hannu ya ce umarni ne daga sama. Ya ƙi. Ya sanar da su cewa idan aka yi korar shi ma zai ajiye aiki, ya tafi Amurka da kansa, ya kai musu lissafi yana nuna yadda za a riƙe mutanen har kasuwa ta farfaɗo. Ba a yi korar ba. Da ciwonsa ya tsananta aka nemi jini, ma'aikata kimanin 260 suka yi layi a asibiti don su ba shi nasu. Ya rasu ranar 27 ga Agusta, 1962, yana da shekara 41. A 2021 Paparoma Fransis, wanda dā shi ne Babban Bishop na Buenos Aires, ya tabbatar cewa mutumin nan ya yi rayuwar bangaskiya da jaruntaka, aka ba shi laƙabin Abin Girmamawa, mataki ne a hanyar shiga jerin tsarkaka.

Ku lura da abu guda. Shaw bai je wurin masu jari da hawaye kawai ba, ya je da lissafi. Da bai san aikinsa ba, da tausayinsa bai ceci ko mutum ɗaya ba. Ku lura kuma cewa adalcinsa bai tsawaita masa rai ba. Wanda ke wa'azi cewa duk mai bin Allah zai yi tsawon rai cikin lafiya da wadata, sai ya gaya mana abin da zai ce wa gwauruwar Shaw da marayunsa tara.

Na san wani zai ce, "Fada, wannan ɗan masu kuɗi ne, ko an kore shi ba zai kwana da yunwa ba. Ni da nake biyan kuɗin haya da na makaranta fa?" Maganar tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Gaskiya ta fi tsada a hannun talaka. Amma abin da aka nema a wurin Shaw daidai ƙarfinsa ne, abin da ake nema a wurinka kuma daidai naka. Shi mutum 1,200 aka ba shi amana, kai wataƙila yaron shago ɗaya ne, ko mai aikin gida ɗaya, ko leburori uku da ka ɗauka noman gonarka. Dokar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, Manzo Yakubu kuma ya ce ladan da aka hana masu girbi yana kuka har kunnen Ubangiji. Ba a sa wa wannan doka sharaɗin yawan jari ba.

Na biyu shi ne Julius Nyerere na Tanzaniya, wanda mutanensa ke kira Mwalimu, wato malam. An haife shi a ƙauyen Butiama a 1922, ɗan sarkin wata ƙaramar ƙabila, ya karɓi baftisma yana saurayi. Ya yi karatu a Makerere ta Yuganda da Edinbara, ya dawo ya koyar a makarantar mishan, sannan ya jagoranci neman 'yancin Tanganyika, wanda aka samu a Disamba 1961. A 1964 aka haɗe da Zanzibar aka sami Tanzaniya. A ƙasa mai ƙabilu sama da 120, ga Musulmi ga Kirista, ya haɗa kan jama'a da harshen Suwahili, ƙasar kuma ta tsira daga yaƙin basasar da ya cinye maƙwabtanta da dama. A 1967 ya kafa wa shugabanni ƙa'ida: babu riƙe hannun jari a kamfani, babu gidajen haya, babu albashi biyu. Shi da kansa ya bi ƙa'idar. An san shi da zuwa Mas da sassafe. A 1985 ya sauka daga mulki da kansa, wanda ya gaje shi kuwa Musulmi ne, Ali Hassan Mwinyi. Ya koma Butiama yana noma. Ya rasu a Landan ranar 14 ga Oktoba, 1999, kuma a 2005 aka ba da izinin fara binciken rayuwarsa, ana kiransa Bawan Allah.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta cikakkiya. Tsarinsa na tattalin arziki, Ujamaa, bai yi nasara ba. Daga 1973 zuwa 1976 an tashi miliyoyin manoma daga gonakinsu aka tara su a sababbin ƙauyuka, da yawa ba da son ransu ba. Noma ya ja baya, kamfanonin gwamnati suka yi ta asara, ya bar ƙasar tana cikin mafi talauci a duniya. Ya yi mulkin jam'iyya ɗaya, an kuma tsare mutane ba tare da shari'a ba. Daga baya shi da bakinsa ya yarda cewa an yi kurakurai. Darasin nan mai ɗaci ne ga mu masu addini, domin mukan ɗauka cewa in dai mutum mai tsoron Allah ne to kome zai yi kyau. Hannunsa bai taɓa dukiyar jama'a ba, duk da haka manomi ya sha wuya a ƙarƙashinsa. Kyakkyawar niyya ba ta cike gurbin sanin aiki, ba ta kuma ba shugaba izinin tilasta wa mutane abin da shi yake gani alheri ne. Abin da ya rage masa, wanda shugabanni kaɗan ne suka iya, shi ne ya ce na yi kuskure, ya kuma saki kujera tun ba a ƙwace ta ba.

Daga rayuwar mutanen nan biyu ina ganin tambayoyi uku da za su zama mana mudu. Ta farko, ta wace hanya ya samu? Dukiyar da aka tara da algus da cin hanci ba ta zama halal don an kawo ushirinta gaban bagade. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga sadaka ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, sannan Yesu ya ce ceto ya shigo gidansa. Ta biyu, yaya mutanen da ke ƙarƙashinsa suke? Kada a tambayi maroƙa, a tambayi direbansa da mai gadinsa da yaran shagonsa. Tun 1891 Paparoma Liyo na 13 ya koyar a Rerum Novarum cewa ko da ma'aikaci ya yarda da ƙaramin lada saboda yunwa, ladan da ba zai riƙe shi ba zalunci ne. Ta uku, yana iya saki? Shaw ya yarda ya rasa muƙaminsa, Nyerere ya bar fadar shugaban ƙasa. Abin da mutum ba zai iya saki ba ko don Allah, abin nan ne ya mallake shi.

Yanzu sai in juyo kanmu. Idan saurayin nan ya rikice, mu muka rikita shi. Manzo Yakubu ya gargaɗe mu a sura ta biyu ta wasiƙarsa game da ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a bar matalauci a tsaye. Muna bukatar kuɗin rufin coci da na makaranta, wannan gaskiya ne, kuma akwai masu hali a cikinmu da suka samu da guminsu suke bayarwa da zuciya ɗaya, Allah ya sāka musu. Amma idan muna kiran sunan mai bayarwa da lasifika ba mu taɓa tambayar yadda yake biyan ma'aikatansa ba, to muna koya wa 'ya'yanmu cewa kuɗi ba shi da wari. Mu firistoci da 'yan kwamitin ikilisiya muna da katikis da mai dafa abinci da malaman makaranta a hannunmu. Tambaya ta biyu ta fara da mu.

Ga amsata gare ka, ɗana, da duk mai irin tambayarka. Ka nemi arziki, babu laifi. Ka tashi da wuri, ka koyi lissafi, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ka san kayanka fiye da kowa a layin. Ka cika mudu, ka faɗi aibin kaya kafin mai saye ya gano, ka sallami yaronka a ranar da ka yi masa alkawari. Ba zan yaudare ka ba: mai yiwuwa maƙwabcinka mai algus ya riga ka gina gida, mai yiwuwa ma har ku tsufa yana gabanka. Ikilisiya ba ta yi maka alkawarin za ka fi shi kuɗi ba. Amma ka yi tunanin ranar da za ka kwanta kamar yadda Shaw ya kwanta, ka tambayi kanka ko mutum nawa daga cikin waɗanda suka yi maka aiki za su zo asibiti su miƙa hannu. Ka tuna kuma da Maigidan da zai dawo ya nemi lissafin talantin da ya ba ka.

Allah ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya sa mu zama amintattu a kan ƙaramin abu da babba. Uwarmu Maryamu da Yusufu Mai Tsarki, masassaƙin Nazarat, su yi roƙo dominmu. Amin.