Namijin Da Doka Ta Tsare, Ya Tuba Kuwa?

Kwanakin baya bayan an tashi daga Islamiyya, wata baiwar Allah ta ba mu labarin ƙanenta da ke zaune a Amurka, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda giya ta kusa hallakawa. Da aka sallame shi daga asibiti sai ya ƙi komawa gidansa, ya tare a wani gida na maza zalla waɗanda duk suka daina shaye-shaye, inda ake yi masa gwajin fitsari, ake kuma yanka masa lokacin dawowa kamar ɗan makarantar kwana. Nan take wata daga cikinmu ta ce, "Ai wannan tsoro ne kawai. In da gaske ya tuba, ya koma wajen iyalinsa mu gani." Maganar ta tsaya mini a rai, domin tambaya ce babba: mutumin da bai iya riƙe kansa sai da doka, za a kira shi wanda ya tuba?

Bari mu fara da sanin gidan. Mafi shahara a irinsu su ne waɗanda ake kira Oxford House. An kafa na farko a 1975 a garin Silver Spring da ke jihar Maryland, lokacin da hukuma za ta rufe wani gida da ake ajiye masu farfaɗowa daga shan giya, sai mazauna gidan, ciki har da wani lauya mai suna Paul Molloy, suka kama hayarsa da kansu. Yau irin waɗannan gidaje sun haura 3,000. Maza gidansu daban, mata daban. Babu likita ko mai gadi a ciki. Su ke zaɓen shugaba da ma'aji da sakatare a tsakaninsu, kuma ba mai wuce wata 6 a kan muƙami. Kowa na biyan kasonsa na haya daidai da na kowa, kowa da aikinsa na shara da wanke-wanke, duk mako ana zaman taro. Sabon shiga sai kashi 80 cikin 100 na 'yan gidan sun amince da shi. Ba a ƙayyade wa kowa ranar fita, amma duk wanda ya koma ya sha, a take zai tattara kayansa.

To, mu koma ga mai cewa tsoro ne. Maganarta ba a banza take ba, domin mun san tuba a zuciya take: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba. Wanda aka ɗaure hannunsa bai bar sata ba, hana shi aka yi. Sai dai ki duba da kyau, 'yar'uwa, wa ya ɗaure wannan bawan Allah? Da ƙafarsa ya je ya roƙa a karɓe shi, da guminsa yake biyan haya, ƙofar kuma a buɗe take duk ranar da ya ga dama. Ya san cewa da safe yana da niyya mai kyau, ya kuma san cewa bayan magariba, in kaɗaici da damuwa suka taso, niyyar kan yi rauni. Saboda haka tun da safe ya nemi waɗanda za su tare shi da daddare. A ganina wannan shi ne ƙudurin da ake magana, ya fito daga zuci ya zama aiki.

Mu ma ai haka muke yi. Mai ciwon suga da ta hana a ajiye lemo a firinjinta, ba ma cewa ba ta da gaskiya, cewa muke ta san kanta. Kuma mun sha jin labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya kashe rai 100, wanda malami ya tabbatar masa ƙofar tuba a buɗe take, amma ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Malamin bai ce masa ya zauna inda yake don a gwada ƙarfin zuciyarsa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, mashayi kuwa abokansa da majalisarsa da hanyar da ya saba bi duk kiransa suke yi.

Masu bincike ma sun auna abin. A 2006, Farfesa Leonard Jason na Jami'ar DePaul da ke Cikago da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum 150 da suka gama jinya. Rabi aka kai su irin wannan gida, rabi suka koma yadda aka saba. Bayan shekara 2, kimanin kashi 31 cikin 100 na 'yan gidan ne ke shaye-shaye, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 65. Kin ga ba kowa ya tsira ba, amma tazarar ba ƙarama ba ce.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne korar wanda ya zame. Ina tausayin yake, a ce mutum ya faɗi sau ɗaya a nuna masa ƙofa? Na daɗe ina juya wannan. Amma ki tuna akwai wasu maza bakwai ko takwas a gidan, kowannensu da kyar yake tsaye, warin giya kaɗai ya isa ya kayar da shi. In aka yi wa ɗaya kara, an sayar da sauran. Mu iyaye da matan aure a nan muka fi rauni: mu biya masa bashi, mu yi ƙarya don rufa masa asiri, mu kira hakan so, alhali ɗaurin gindi muke ba ciwon. Wanda aka kora ma ba a yafe shi ba, in ya sake jinya yana iya neman a karɓe shi.

Kada kuma wata ta haɗa wannan da gidan mari. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, da yawansu kuma iyayensu ne suka kai su don a shiryar da su. Can an ƙwace wa mutum zaɓinsa da mutuncinsa. A gidan da muke magana kuwa, ƙuri'a ake ba shi, har a damƙa masa kuɗin gida ya riƙe, shi da a da ko kuɗin cefane ba a yarda a ba shi.

Don haka, ke da mijinki ko ɗanki ko ƙanenki ke fama da wannan jarrabawa, in ya ce miki bai amince da kansa ba tukuna, yana son a riƙe masa kuɗinsa, ko ya nisanci unguwa na ɗan lokaci, ko ya zauna inda za a sa masa ido, kar ki raina shi, kar kuma gudun surutun mutane ya sa ki janyo shi gida da wuri. Na san zaman jiran akwai ɗaci, ga yara, ga hidima duk a kanki. Amma wanda ya ce "ku tare ni" ya fi kusa da shiriya a kan mai bugun ƙirji yana cewa shi ya fi ƙarfin abin.

Allah Ya shirya mana mazajenmu da zuri'armu, Ya ba masu fama lafiya, amin.