Mai Tafiya Hannu Rabbana

Bayan girbi, idan samarin Roni da Gwiwa suka cika tashar Kazaure za su ci-rani Legas, ka tambayi ɗayansu me ya riƙe na hanya, sai ya ce maka, "Baba, Allah na nan." Gaskiya ya faɗa. Amma maganar ba ta kwanta mini ba, domin na san kafin a kai Jebba hannunsa na cikin ledar garin kwakin wani.

Gardamar tsohuwa ce. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman kan taho aikin Hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka kuma su shiga roƙo. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri da ke aya ta 197 a Suratul Baƙara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda tawakkalin nasu ya ƙare: a bakin jakar wanda ya wahala ya shirya. Allah suka ambata da baki, mutane suka ɗora wa kaya.

Na san akwai bayin Allah da suka ratsa sahara ba ko loma. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, bai haramta haka ba, amma ya gindaya sharuɗɗa biyu masu tsauri: mutum ya horar da kansa har ya iya jure kamar mako guda ba ci, kuma ya iya rayuwa da ciyawar daji. Wa ya cika su a cikinmu, mu da in azahar ta gota ba mu ci ba sai fuska ta murtuke?

Kakanninmu da suka tafi Hajjin ƙasa sun fi mu sanin wannan. Ta Maiduguri suke bi, su wuce Abeche, su shiga Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda jirgin ruwa zai haye da su Jidda. A kan teku ba kasuwa, ba rijiya, ruwa kewaye da kai amma ba na sha ba. Wanda guzurinsa ya ƙare tun a hanya yakan tsaya ƙwadagon auduga a Jazira ya tara wani, wasu kuwa can Sudan suka zauna har jikoki.

Na ga yadda gwaggona a Babura ta yi wa mijinta shiri, ko da yake shi ta sama ya tafi. Ta dafa naman rago har ya saki, ta daka a turmi, ta soya a hankali tana juyawa sai da danshi ya fita sarai, don dambun da ke da sauran ruwa ba ya kwana biyu. Ta ƙulla yaji da kuka da daddawa daban-daban. Da ya ce kayan sun yi yawa, sai ta ce, "Alhaji, kai kaɗai za ka ci? Ɗakin naku ba mutane?" Bakinta kuwa bai daina addu'a ba tun daga wanke naman har ɗaure jakar.

A wurina ita ce ta fahimci mas'alar. Mai guzuri yana tafiya ne da abin da zai miƙa wa wani. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara ɗan abin da ya rage a mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu guda. Haka Abu Ubaida ya yi da rundunar mutum 300 a gaɓar teku: ya haɗe guzurin kowa wuri ɗaya yana rabawa, har aka kai dabino ɗaya ga mutum a yini, kafin teku ya jefo musu ƙaton kifin da suka yi kwanaki suna ci. Wanda talauci ya hana shi kawo komai yana da rabonsa cikakke a wannan mayafin, ba gori. Maganata da wanda yake da kuɗin ƙuli-ƙuli da sukari ce, ya saya wa wayarsa kati da su, sa'annan ya hau mota yana cewa Allah na nan.